Kujerar Barba Lovre

Ni ce na rubuta ɗan littafin nan mai jan bango da baƙi ke yawo da shi a Split, wanda ke gaya musu inda za su ci kifi, inda za su sha gahawa, da inda za a tatse su idan ba su buɗe ido ba. Wuri sittin da biyu ne a ciki. Sittin da ɗaya ko a jikina, gobe ma sai in sake rubuta su. Ɗayan ne ya hana ni sakat.

Mahaifina, Lovre Bezina, wanda nake kira Pape, unguwa kuma ke kira Barba Lovre kamar yadda ake kiran duk dattijo, ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injin jiragen masunta a bakin ruwa, ƙasan unguwarmu ta Varoš. Tun yana saurayi, da goma ta buga zai goge hannu ya hau tudu zuwa ɗakin abincin Teta Perina cin marenda, abincin hantsin ma'aikata. Ya bar aiki, bai bar marenda ba. An binne mahaifiyata ranar Talata, ranar Laraba ƙarfe goma yana can. Na yi kusan wata ina fushi da shi a kan haka, kafin na gane ba shi da inda zai kai baƙin cikinsa sai can.

Tebur huɗu ne a ɗakin. Babu allo a ƙofa, babu takardar abinci, abin da ke tukunya shi za ka ci: Litinin wake da taliya, Laraba tumbi, Juma'a busasshen kifi da dankali, sai giyar inabi da aka sirka da ruwa. Kujerar Pape na gefen ƙofar kicin, bayansa ga bango. Barba Bepo mai gyaran taru yana damansa, suna musun ƙwallo da kamun kifi da wanda zai riga wani mutuwa. Ba wanda ya taɓa raba wa mutane kujerun nan, amma kowa ya san tasa. Idan sabon zuwa ya yi kuskure, kallo ɗaya Teta Perina za ta yi masa ya tashi yana ba da haƙuri.

Da na kai littafin ga matar da ke dubawa a Zagreb, babban birninmu, ta ce ya yi kyau amma duk wuraren kowa ya san su. Wai tana son wuri ɗaya da 'yan gari kaɗai suka sani. Ni kuwa da ma ina da cika baki, kuma ina son duniya ta san cewa ba a littafi na koyi cin abinci ba. Na zauna na zuba shafi biyu a kan ɗakin Teta Perina. Na faɗi layin, na faɗi famfon da ke kwana, na ce ƙofa ta uku, koriya. Har na ce a je ƙarfe goma, lokacin da tsofaffin ke nan, domin a ga Split ta gaske. Da hannuna na rubuta wannan.

Na kai wa Pape littafin ranar da ya fito. Ya sa tabarau ya karanta a hankali yana motsa baki, sannan ya tambaye ni ko dole ne sai da na faɗi launin ƙofar. Na yi dariya na sumbaci goshinsa. A raina na ce tsohon nan daɗi ya ji, girman kai ne ya hana shi nunawa.

Rani ya shigo, baƙi suka cika gari. Tonko, ɗan Teta Perina, wanda ya dawo daga Jamus da furfura da ciwon baya, ya ga mutane sun yi layi har famfo, sai ya buga takardar abinci, ya sa waya, ya fara ajiye wa mutane wuri. Ban ga laifinsa ba, rufin ɗakin ya yi shekara goma yana yoyo. Ni kuma aiki ya sha mini kai, ina jan baƙi kasuwa kasuwa ina nuna musu cuku da man zaitun. Da yamma in leƙa Pape in tambaye shi me aka ci yau, ya ce tumbi, ko ya ce wake. Bai taɓa kuskure ranar ba, don haka ban zargi komai ba.

Wata Laraba a watan Agusta na kai wasu baƙi tashar jirgin fito. Ina dawowa na hango shi a kan benci bayan ofishin tikiti, inda ba ɗan unguwarmu da ke bi. Ya shimfiɗa jarida a cinya, da burodi da gwangwanin kifi, yana ci da 'yar wuƙarsa ta aljihu. Agogon tashar ya nuna goma da kwata. Na laɓe bayan wata mota kamar ɓarauniya, har ya gama, ya naɗe jaridar, ya share gashin bakinsa. Da yamma na tambaye shi, ya ce tumbi. Na shiga bayi na yi kuka.

Washegari na tare Barba Bepo a bakin ruwa. Da farko ya so ya kauce, ya ce shi ba ya shiga maganar uba da 'ya. Da na matsa, sai ya faɗa. Wai a tsakiyar Yuni Pape ya shigo ƙarfe goma ya tarar da wata mata mai faffadar hula a kujerarsa, littafina a buɗe kusa da farantinta. Teta Perina na kicin ba ta gani ba. Tonko ya wuce da faranti uku a hannu ya ce, Barba, ɗan jira minti biyar. Pape ya ce ai shi gaisuwa kawai ya leƙo yi, ya juya. Sati bakwai ke nan.

Na ce, "Kai kuma kana zaune kana kallo, Barba?"

Ya ce, "'Yar nan, ni ma a kan akwatin kwalabe nake ci yanzu, a kicin. Ni ba ni da kunya, shi ya sa nake da ƙiba. Ubanki kuwa kin san shi."

Na hau tudun nan raina a ɓace, na sami Tonko na wanke shi tas, alhali na san rabin zagin nawa ne. Bai musa ba. Ya ce tun ranar uwarsa ba ta yi masa magana sai ta aiki, ya je gidan Pape sau biyu an ce masa ba komai, ƙafa ce ke ciwo. Ya ce in faɗi abin da nake so a yi. Na ce kujerar nan ta zama tasa kullum ƙarfe goma, ko sarkin duniya ne ya bugo waya. Ya ce ya yarda, amma baƙi ba su san kallo ba, sai an sa alama. Na ɗauki ɗaya daga cikin fararen katunan da yake ajiye wa mutane wuri da su, na rubuta da kyakkyawan rubutuna na makarantar sistocin coci: An ajiye wa Lovre Bezina, ƙarfe goma. Teta Perina ta fito tana goge hannu, ta dubi katin, ta dube ni.

"Dinka, kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ni da na rubuta littafi guda a kan garin nan, wa zai koya mini?

Sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin Pape ya yarda. Na ce masa Teta Perina na cigiyarsa, an gyara komai, wurinsa na nan. Ranar Juma'ar makon da ya biyo baya ya yi aski, ya sa farar rigarsa, har yana tsokanata a hanya wai tafiyata irin ta agwagwa ce kamar ta uwata. Rabon da in ga haske a fuskarsa haka tun kafin rani. Muka ratsa layin baƙi muka shiga. Barba Bepo ya leƙo daga kicin ya ce ga gawa ta tashi. Pape ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya faɗa kan katin.

Ya ɗauka ya karanta, ya juya bayansa, ya mayar daidai inda yake. Sannan ya zauna a bakin kujerar, bai jingina ba. Teta Perina ta taho da farantinsa cike, kamar yadda ta saba ba tare da an tambaya ba. Ya ɗaga kai ya ce, cikin ladabi, idan ba damuwa a ba shi takardar abinci ya duba.

Ta ce, "Lovre, kar ka yi mini haka."

Ya ce, "Uwargida, ai na ga kowa ana ba shi."

Tonko ya kawo takardar. Pape ya sa tabarau ya bi ta tun daga sama har ƙasa, ya nuna busasshen kifi da dankali, abin da ke gabansa yana huci. Ya ci a hankali, ya cinye. A ɗakin nan 'yan gida ba sa yabon abinci. Su ce gishiri ya yi yawa, su ce kifin ya girmi mai dafa shi, ita kuma ta ce wanda bai so ba ƙofa a buɗe take, haka suke nuna ƙauna. Pape ya ajiye cokali ya ce abinci ya yi daɗi ƙwarai, ya gode da karɓar da aka yi masa. Teta Perina ta koma kicin, muka ji ta buɗe famfo da ƙarfi, ba kuwa wanke-wanke take yi ba.

A waje na bi shi ina magana kamar an kunna rediyo. Na ce kati ne kawai, don baƙi aka sa, ba don shi ba, yanzu zan koma in yaga. Haka muka yi ta tafiya har muka kai famfon kwana. Nan ya tsaya yana numfashi.

"Shekara arba'in da biyar ina shiga ɗakin nan, Dinka, ba a taɓa rubuta sunana ba. Wanda ake tsoron a manta da shi ake rubuta wa suna." Ya gyara mini wuyan riga kamar ina yarinya. "Rubutunki ya yi kyau. Na gane shi."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma na yaga katin a gaban kowa, Tonko ya ci gaba da tare kujerar da jikinsa kullum ƙarfe goma har rani ya ƙare. Pape bai sake hawa tudun ba. Ya daina zuwa bencin tashar ma, tunda ba sauran wanda zai ɓoye wa. Na rage aiki na koma yi masa girki da hantsi, ni da na iya faɗin inda ake dafa komai a garin nan amma ban iya dafa wake ya yi laushi ba.

A Nuwamba iska ta taso, jiragen baƙi suka daina zuwa, gari ya koma namu. Na leƙa ɗakin Teta Perina wata Litinin na tarar da shi yadda na san shi tun ina ƙarama: tebur huɗu, tururi a taga, Barba Bepo ya koma wurinsa yana musu da bango. Tonko ya tattara katunan ya jefa a aljihun tebur. Na sauko da gudu har ina tuntuɓe, na tarar da Pape zaune a kicin ɗin gidansa ya sa rigar sanyi. Na ce sun tafi duka, ba kowa, ba kati, ba waya, ga kwat ɗinsa nan.

Ya tambaye ni ko wake da taliya ne. Na ce shi ne. Ya tambaya ko Bepo ya rame, na ce ko kusa. Ya yi ɗan murmushi, ya dubi kwat ɗin da ke hannuna, ya daɗe yana dubansa har na fara sa rai.

"To idan rani ya dawo fa?"

A cikin jakata akwai wasiƙar da ta zo daga Zagreb tun makon jiya, ana taya ni murna, an riga an buga littafin da Jamusanci da Faransanci, zai fito kafin Mayu. Na rataye kwat ɗin a bayan ƙofa, na ɗora ruwa a wuta. Shi kuma ya jawo farantinsa gabansa ya zauna yana jira.