Ita Ta Yi Ƙafa, Su Ba Su Yi Ba

Yaya, ajiye wankin nan ki ji. Jiya Lukuti ta yi tafiya! Wallahi taku bakwai, da bakina na ƙirga. Ta saki ƙafar gado ta taho tana tangaɗi kamar ta sha wani abu, har ta cafke min zani. Na yi ihu, na kira babanta a wurin aiki na faɗa masa, na kira ki ba ki ɗauka ba. Sai na suri yarinya na ruga bayan gida in gaya wa Baba.

Kin san Baba, surukina, da kududdufinsa. Shi da marigayiya Inna suka haƙa shi shekarar da ya bar aiki. Suka shimfiɗa baƙar leda, suka jera duwatsu, ita ta dasa bado a tsakiya. Ba ya zuba ruwan famfo, wai maganin da ake sa masa yana kashe ƙananan halittu, sai ruwan sama da yake tarawa a duro. Har wani katako ya jingina a baki don in bushiya ta faɗa ta samu hanyar fitowa. Tun da Inna ta rasu, nan ne ɗakinsa, nan ne majalisarsa.

Abin da na manta, Yaya, alkawari ne. Da na haihu babanta ya ce a cike ramin, kar yarinya ta faɗa. Suka yi ta ja, ya kawo maganar shinge, Baba ya ce yaro ba ya jin shinge, kwaɗi kuma ba za su samu hanya ba. Ƙarshe Baba da kansa ya ce, "Ranar da ta taka ƙasa da ƙafarta, kawo yashinka."

Na same shi a durƙushe yana tsame gansakuka da sanda, yana ajiyewa a bakin ruwa don ƙwarin ciki su koma gida.

"Baba! Amaryarka ta yi tafiya!"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, 'yata. Yau kwana biyar."

"Kwana biyar?"

"In kina girki muke yi, ni da ita. Na ce ta rufa min asiri, ashe amaryar zamani ce, ba ta riƙe maganar miji."

Lukuti ta miƙa masa hannu tana dariya. Ya karɓe ta, ya ce, "Munafuka, kin tona ni." Sai ya nuna min cikin ruwan. Talibambam ne baƙi ƙirin, suna ta kaɗa wutsiya a gindin bado.

"Mako biyu nake nema," in ji shi. "Su yi ƙafa su fita da kansu. Ita ta yi ƙafa, su ba su yi ba."

Na ce, "Baba, na riga na gaya masa. Bari in sake kira in ce ƙarya na yi, taku ɗaya ne ta faɗi."

Kafin ya amsa ya sauke ta don ya gyara hula. Wani mazari ja ya sauka a kan katakon bushiya. Yaya, ƙiftawar ido! Ta tafi taf-taf-taf, hannu a miƙe. Baba ya damƙo rigarta ƙafarta ɗaya na kan katakon, shi kuma gwiwarsa ta nutse a ruwa.

Ya daɗe yana rungume da ita, tana ta kukan an hana ta mazari. Sannan ya ce, "Kar ki kira kowa. Ɗauko min bokitai da rariyar Inna."

Yini muka yi. Yana tsamo talibambam da rariya, ina riƙe bokiti, Lukuti a bayana. Sawu shida ya yi zuwa rafin bayan unguwa da wannan ƙafar tasa mai ciwo, ya hana ni taya shi ɗauka. Da ya zo kan bado ya tsaya. Ya tura hannu har kafaɗa ya ciro shi da saiwarsa, ya sa a tsohon bahon wanka, ya ce a ɗora kan tanki inda hannu ba ya kaiwa.

Da la'asar babanta ya shigo da baro cike da yashi. Ya ga ramin ba ruwa, ya kasa kallon mahaifinsa. Baba ya karɓi shebur ya zuba na farko da kansa.

Da safen nan na leƙa, na ga kwaɗi uku zaune a kan yashin, Baba kuma a kujerarsa yana kallonsu.

Ke dai ki zo ki ga tafiyar, Yaya, yau har ƙofar kicin ta kai. Amma in kin shigo, kar ki yi guɗa a gabansa.