Ƙundun Maigida

Malam Badamasi ya buɗe bakin tanderun, zafi ya mare shi a fuska. Kaji huɗu sun yi jawur, zuma da tsamiya suna tafarfasa a gindin tiren, ƙamshin citta da tafarnuwa ya cika bayan gida. Matarsa, marigayiya Shafa'atu, ce ta zo da wannan gashin daga Segbana, garin iyayenta a tsallaken iyaka. Da ciwo ya kwantar da ita, daga kan tabarma ta koya masa, tana yi masa faɗa in ya cika gishiri.

Ɗansa Sufyan ya leƙo, yana ta ƙamshin turare.

"Baba, sun iso. Alhazan Kaoje ne, har da mutanen Benin masu sayen shinkafa."

"To, ai da ƙafafunsu suka zo."

"Dama cewa zan yi... in an tambaya, Safina ce ta gasa. Ka san mutane. Sai a ce matata na zaune, ubana na gindin wuta."

"Ƙarya za su yi?"

"Don Allah, Baba. Ka huta a ɗaki, za a kawo maka naka."

Badamasi ya rufe bakin tanderun. Ya koyar da rabin Bagudo karatu, da gumin alli ya gina gidan nan, yau ga shi ana ɓoye shi kamar tsohon buhu. Ya shiga ɗaki ya ɗauki littafi, ya kasa wuce layi ɗaya. Daga falo yana jiyo santi.

"Zaƙi a nama? Kai, amarya, hannunki da albarka!"

Safina ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye masa kwano. Ya ɗaga murfi: cinya, fiffike, wuya. Ya juya naman da yatsa.

"Ina ƙundun?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sa wa maigida, Baba."

"Wa?"

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Tun zamanin kakanni, ƙundun kaza na mai gidan ne, ko yaro ya san haka.

Bai sauya riga ba. Da tokarsa da maiƙonsa ya shiga falo, ya yi sallama. Baƙi suka miƙe suna gaishe shi. Sufyan ya daskare da cokali a hannu. A gefen farantinsa ga ƙundu huɗu a jere, bai kai ga taɓa su ba.

Badamasi ya zauna a kan kujerar tsakiya, ya jawo farantin gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya tauna a hankali, kowa na kallo.

"Na cika tsamiya," ya ce. "Alhaji, ku yi haƙuri. Hannun tsoho ne."

Ya ɗauki na biyu.