Sandar Ƙarshe a Hamadar Idaho

Sanda ɗaya tak ta rage musu a cibiyar bincike. Ta ƙarfen yuraniyam ce, ragowar makamashin tsohuwar tashar nukiliyar da aka rufe tun Delbert Arrieta bai fara furfura ba. Rabin rayuwarsa ya ƙarar a hamadar nan yana gina manhajar kwamfuta da za ta faɗi lokacin da irin wannan sanda za ta fashe in zafi ya yi mata yawa farat ɗaya. Al'adar gidan kuwa ba sani ba sabo: ka miƙa hasashenka tun kafin gwaji, a kulle shi, ba gyara.

Aka zuga wa sandar wuta. Ta fashe daidai lokacin da manhajarsa ta ce. Ofis ya kaure da tafi, har da 'yan baƙin cikin da ke yi masa dariya a bas ɗin ma'aikata.

Sai da Delbert ya zauna da sakamakon awon, sannan ya gano akwai matsala. Zafin da manhajar ta lissafa ya zarce na gaskiya nesa ba kusa ba. Miƙewar da ƙarfen ke yi, wadda ke rage masa zafi, ita ma manhajar ta zuzuta ta. Kuskure biyu ne suka cinye juna, amsa ta fito fes. Ya ji duk shekarun nan sun tafi a banza.

Ya tarar da shugabarsu, Lorna Tippets, tana rabon kek.

"Ranki ya daɗe, manhajar nan ƙarya take yi."

"Kai tsoho, wai ba ka iya murna ba ne? Ungo kek."

"Sa'a ce kawai. A wani zafin kurakuran ba za su cinye juna ba. Kuma da manhajar za a nemi izinin gina sabuwar tasha."

Fara'arta ta ɗauke. "To, ka gyara mana."

"In na gyara, in gwada da me?"

Kafin wata sanda ta gasu kamar waccan, sai ta yi shekaru a cikin irin tashar da ake son ginawa. Tashar kuwa ba mai barin a gina ta sai manhaja ta tabbata. Delbert ya san ba zai ga ranar ba.

Lorna ta ajiye wuƙar yanka kek, ta rage murya.

"Delbert, wa ya sani ban da kai?"

"Yanzu kam, ke."