Musayar Makullai

Shekara talatin da ɗaya Kafinta ya yi a gidan ƙarshen layi, sai ranar wata Talata wata lauya da ba ta girmi 'yarsa ba ta gaya masa gidan ba nasa ba ne. Ba da gatse ta faɗa ba. Ta shimfiɗa taswirar unguwar a teburinta, ta danne gefe ɗaya da kofin shayi, ta ɗora yatsa a kan fili mai lamba sha biyu. Ta ce nan yake kwana, amma takardar da ke hannunsa ta sha huɗu ce.

Ai ya sani. Shi da amininsa Direba rana ɗaya suka sayi gidajen nan biyu, katanga ɗaya ta raba su, ɗaki biyu da falo kowanne, kamar an tsaga kara. Ranar tarewa Direba ya leƙa wanda ya faɗo masa, na ƙarshen layi, ya ga ƙofar baya tana buɗewa cikin lungu. Ya ce wannan ai gidan mai katako ne, ta nan za a riƙa shigo da kaya ba sai an ratsa falo ba. Matar Direba kuma ɗayan ta fi so, don famfonsa yana bakin kicin. Nan a tsaye suka yi musayar makullai. Da aka yi zancen zuwa ofishin filaye a sauya sunaye, aka ji kuɗin hatimi da tsawon layi, sai Direba ya yi dariya ya ce takardar ce za ta kwana a ɗakin ko su? Kafinta kuwa, da yake aikin hannu ba ya yi masa wuya, ya ɗauko guduma ya cire lambobin ƙofofin ya musanya su, don kada wasiƙu su ɓata. A ganinsu an gama magana, kuma gaskiya shekara talatin babu wanda ya ƙaryata su.

Direba ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansa, mai idon cin naira da gajen haƙuri, ya ɗauki takardar ubansa ya jinginar a banki don ya sayi babbar mota. Mai kimanta gida ya zo, ya ga sha biyu a jikin ƙofar gidan da iyalin Direba ke ciki, ya ƙirga ɗakuna ya tafi. Motar ta ci kanta a gareji, yaron ya bar gari ya kashe waya, kotu ta ba banki fili na sha biyu. Da ma'aikatan banki suka zo da taswira suka auna daga dutsen iyaka, awon bai tsaya a ƙofar matar Direba ba. A ƙofar Kafinta ya tsaya, aka ba shi kwana talatin ya tashi.

Ya tambayi lauyar ko shekarun da ya yi a ciki ba su zama hujja ba. Ta ce zaman da aka yi da yardar mai gida ba ya zama mallaka, musayar ba a rubuce take ba, wanda zai shaida kuma yana ƙasa.

"Amma Baba, kana da gida," in ji ta. "Sha huɗu naka ne, babu bashin kowa a kansa. Sai dai akwai mutane a ciki. In ka sa hannu a nan, za a ba su wa'adi su tashi."

Ya ture takardar kamar ta ƙone shi. Ya ce matar Direba ita ta yi jinyar matarsa har ta cika, ita ta yaye masa 'ya. Gara ya kwana a shago cikin diddigar katako.

Sai dai shagon ma a bayan gidan yake. Ga 'yarsa da mijinta ya rasu ta dawo gabansa da yara uku, tana shara a asibiti. Da ya ba ta labari ba ta yi kuka ba, ba ta ce masa yi ko bari ba. Ta tambaye shi kawai ina za a kai injin yankan katako, ta ci gaba da wanke kayan makarantar yara. Shirun nan ya fi zagi yi masa ciwo.

Washegari da azahar ya shiga wurin Gwaggo, haka duk layin ke kiran matar Direba. Ya tafi ne da niyyar ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ba zai taɓa ta ba. Ya tarar da ita zaune a tsakiyar falo, kayanta a ƙulle cikin zannuwa, surukarta na naɗe katifa, jikoki biyu sun yi tsuru-tsuru. Sun ji banki ya zo, sun ɗauka su za a fitar. Idonta ya kusa tafiya, da muryarsa ta gane shi.

"Malam, don Allah ka taimake ni da ɗakin bayan nan naka," ta ce. "Ko wata biyu ne, kafin mu ga abin da Allah zai yi."

Ya zauna a hannun kujera ya yi mata bayani dalla-dalla: makullan, lambobin, taswirar. Ya ce gidansa banki zai karɓa, ba nata ba.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi a hankali, hannunta ya kai kan ƙullin da ke kusa da ita ya fara kwancewa. Nan da nan ta farga, ta shiga salati da jajantawa, tana tsine wa ɗanta. Amma ya riga ya ji. Ya zauna yana jiran ta tambaye shi ina zai kai yaran, ko ta ce su zo a matsa a zauna tare. Ta yi ta maganar halin yaran zamani har surukar ta mayar da katifar ɗaki.

Bai ga laifinta ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Tsohuwa ce mai tsoro, kowa ya ga ruwa ya zo masa wuya kansa yake fara ɗagawa. Shi ma da ya fito ya tsaya a ƙofa yana kallon jikokinsa suna dawowa daga makaranta, kansa ya ɗaga.

Ranar Alhamis ya koma ofishin lauyar ya sa hannu a wuri uku. Ya roƙa a rubuta wa'adi mafi tsawo da doka ta yarda, ta rubuta kwana casa'in, ta buga hatimi. Ta ce masinjan kotu zai kai takardar gobe, ba sai ya sa kansa a ciki ba.

"A'a, 'yata, ba ni in kai," ya ce, ya miƙa hannu. "Ba ta gani. Ko wa ya kai mata, ni za ta aiko a kira in karanta mata."