Sikelin Rumbun Masara

"Mu yi ciniki, Vernon," in ji Likita Halvorsen. "Yau nauyinka laba ɗari uku da talatin. Ka sauko zuwa ɗari uku kafin ƙarshen Satumba, in huda tsakanin haƙarƙarinka in gyara bawul ɗin zuciyar nan mai yoyo, mako uku ka miƙe. In ka kasa, kitse zai tare min hanya, dole in tsaga ƙashin ƙirji. Wata uku ba kai ba bindiga."

Vernon Dykstra bai ji komai ba sai bindiga. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashin ranar buɗe farautar barewa ba, sha biyar ga Nuwamba. Ya miƙa hannu, suka tafa.

Matarsa Loretta ta raba shi da giya da soyayyen dankali. Wata biyu yana tauna ganye kamar akuya, yana tsaki. Sikelin gida kuwa a ɗari biyu da tamanin ya ƙure, don haka duk Asabar sai ya tafi rumbun masarar gari, inda abokinsa Gus ke auna motocin masara a babban sikeli.

"Hau, babbar tirela!" in ji Gus. "Yau masara ka ɗauko ko tumbi?"

"Karanta min lamba, ɗan banza."

Tsakiyar Satumba Gus ya leƙo ta taga. "Ɗari uku cif!"

Daga nan Vernon bai zame ko'ina ba sai shagon abincin Darlene. Mako biyu yana ramuwar gayya a kan gasasshen nama.

A asibiti sikeli ya ce ɗari uku da sha huɗu. Ya sauka, ya cire takalmi, ya sake hawa. Sha uku. Nan take ya buga wa Gus waya.

"Af," in ji Gus, "ai namu ashirin-ashirin yake tsalle. Ko ɗari uku da tara kake, ɗari uku zai ce."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Shekara talatin kana sauke masara a nan, ni zan koya maka?"

Aka tsaga ƙirji. Zuciya dai ta gyaru. Ranar sha biyar ga Nuwamba Vernon na zaune bakin taga, ya rungume matashi don kada tari ya taɓa ɗinki, yana jin bindigogin maƙwabta suna tashi a daji.

Darlene ta ci riba, barewa ma ta ci. Vernon ne ya tashi a tutar babu, ga yunwar wata biyu a banza.