Rijiyar da Take Numfashi

Na'urar auna zurfin ruwa ta yi ƙara tun igiyar awo ba ta kai inda ta kai da safe ba. Auta ta janyo ta, ta goge, ta sake zurawa cikin rijiyar gidansu. Ƙarar ta sake tashi. Tun awon safe zuwa yanzu ruwan ya hau kamu biyu, alhali rabonsu da ruwan sama wata huɗu.

Mako uku ke nan da ofishin ruwa ya turo ta unguwarsu auna rijiyoyi. Duk wadda gishiri ya shiga, sai ta shafa mata jan fenti a zo a rufe. Ta shafa wa goma sha ɗaya. Ta gidansu kuwa kewaye ta take ta yi kamar mai tsoron kare, don Baba ne ya haƙa ta; sai yau ta daure ta auna ta. Shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiya, kuma bai taɓa yarda ya sha ruwan wata ba.

"Ke ma kin gani ko?" in ji Mama daga bakin kicin. "Sau biyu take yi kullum. Ta shaƙa, ta fesar. Ni dai na daina leƙa ta."

Auta ta sake leƙa rijiyar. Abu ɗaya ta sani mai hawa da sauka sau biyu a rana, shi ne ruwan bakin kogi, inda yake haɗuwa da teku, tafiyar awa guda daga nan. Ta zura guga ta janyo. A ƙasan gugar akwai wata 'yar ƙaguwa da ba ta wuce farce ba, fara fat, tana motsa ƙafafu a hankali. Da ta tsoma na'urar gishiri, lambar ta ninka ta kowace rijiya sau uku.

Nan hankalinta ya koma kan mahaifinta. Shekara guda ke nan Baba yana fama da hawan jini, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya hana shi gishiri, Mama tana ta yi masa girki lami, kullum ana faɗa a kan ɗan abin da bai cika cokali ba. Ashe tulu guda na ruwan gishiri yake ɗirka kullum. Ruwan ya canza ne sannu a hankali, harshen kowa a gidan ya saba.

Ta same shi a ɗaki, ƙafafu bisa matashi, ƙoƙonsa cike da ruwan rijiyar a gefe. Ta durƙusa.

"Baba, ruwan nan ne yake kashe ka. Teku ya shigo mana rijiya."

Bai ko ɗaga gira ba. "Na sani, uwata."

"Ka sani?"

"Bara waccan da ta ƙafe, kuna barcin rana na sauka. A ƙasa akwai baƙar laka. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce, duk ƙishirwar da ake yi, kada na kuskura na huda ta. Na ce tsoron mutanen da ne." Ya dubi tafin hannunsa. "Sara uku na yi. Ruwan da ya fito sanyinsa daban ne, kuma sai na ji kamar wani yana ja daga ƙasa. Bayan wata shida maƙwabta suka fara cewa ruwansu ya yi nauyi."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ni na buɗe masa ƙofa. Yaran mutane suna sha, ni in koma ruwan leda?"

Haushi da tausayi suka kama ta lokaci guda. Ta ɗauke ƙoƙon, ta fita ta zubar. Ta shafa wa rijiyar fenti har ya ɗiga a zanenta, ta ja murfin ƙarfe ta sa kwaɗo. Mama tana tsaye tana kallo, hannu a baki. Daga ƙarƙashin murfin ana jin ruwan yana taɓa bango a hankali, yana hawa.

Ta kawo masa ruwan leda. Ya kurɓa, ya daɗe da shi a baki kafin ya haɗiye.

"Kin rufe bakin sama," ya ce. "Na ƙasan fa?"

Ta dubi makullin da ke hannunta.

"Mutum ɗaya ne ya san inda ramin yake. Da la'asar ruwan zai ja baya." Ya sauke kumburarrun ƙafafunsa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. "Ba ni makullin, ki nemo min igiya."