Maganin Ɓera Sai Kafur

Tun ranar da na ga kashin ɓera a kujerar motar maigidana Malam Lawal na san akwai magana. Na gaya masa, ya ce ɓera ba ya cin ƙarfe. To, ba ya ci. Amma yana cin waya, yana cin tiyo, kuma ya ci.

Motar tsohuwa ce, amma tana tashi. Tunda mai ya yi tsada Malam ya koma hawan mashin, ita kuma ya lulluɓe ta da tamfol a rumfar da muke jibge masara. Kaka ce, buhuna har bakin taya. Ka gina wa ɓera ɗaki mai duhu, ka ajiye masa abinci a ƙofa, sannan ka tsaya kana tambayar me ya kawo shi.

Da wata shekarar ce da ban damu ba, su cinye ta har sitiyari. Amma autata Raudatu tana gida, mijinta ya kawo ta goyon ciki, kuma a awon ƙarshe malamar asibiti ta ce ɗan ya kwanta a gicciye. Ta ja mana kunne cewa kada a kuskura a yi haihuwar nan a gida, da naƙuda ta taso a kawo ta Malumfashi. Hanyar ƙauyenmu kuwa rami ne ke miƙa ka ga rami. Bayan Allah, motar nan ce kaɗai abin da na dogara da shi.

Wata Juma'a na matsa masa sai ya gwada ta. Ya murɗa makulli, shiru kake ji. Da ya ɗaga bonet muka tarar da sheƙa guda ta tsumma da gemun masara a kan injin, wayoyin an gutsure su kamar taliya. Sai jan ta aka yi da igiya har garejin Sikiru mai rewaya, wanda ke gyaran wayoyin mota a Malumfashi. Ya gyara, aka dawo da ita, Malam ya mayar da ita rumfar masara ya ja tamfol.

Na ce a fitar da ita tsakar gida, ya ce rana za ta ci fenti. Na ce a kwashe masarar, ya ce a kai ta ina. Ya ɗana tarko, ya kama ɗan tsakona. Ya aro kyanwa, ta mayar da saman tamfol gadon barcinta, ɓeraye na biki a ƙasa. Ya zuba magani, ɗaya ya ci ya shige can cikin injin ya mutu, wari ya hana yarinya mai ciki sakat. Ba a rufa mako biyu ba suka sake cinye wayar fitila.

Daga komawarsa wajen Sikiru karo na biyu ne ya dawo yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Wai an samu mafita. Wai Sikiru ya ce babu abin da zai raba motar nan da ɓera sai Ƙafur, don haka gobe zai kai ta Ƙafur gidan ƙanensa Maiwada.

Na ce, "Malam, yarinya na gab da haihuwa za ka ɗauke mota ka kai wani gari?"

Ya ce ai gara tana can da lafiyarta da tana nan a mace. Maiwada ya iya tuƙi, waya ɗaya za a buga masa ya iso. Kuma Sikiru ya san gidan, ya san ba masara a ciki, ai ba zai faɗa a banza ba. Na tambaye shi ko a Ƙafur an yi wa ɓeraye rasuwa ne gaba ɗaya. Ya ce ni dai ba a raba ni da musu. Na yi faɗa har muryata ta dushe, Raudatu na ba ni haƙuri, da safe mota ta tafi.

Naƙudar ta zo da hantsi, ranar da Malam ya tafi gona. Ina tsintar wake na ga yarinya ta dafa bango ta kasa sakewa. Na aika aka kira shi, ya buga wa Maiwada waya. Muka shirya kaya muka zauna jira. Can sai ga waya: mota ta ƙi tashi. Ashe babu masara a gidan Maiwada, gaskiya ne, gyaɗa ce cike da shagon da ya kulle motar a ciki. Ɓeraye sun cinye wayoyin, sun huda tiyon ruwa, ƙasan motar duk ya jiƙe.

Ba lokacin ɓatawa. Na ruga gidan maƙwabcinmu Jibo mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar buhuna, ya sauke masarar da ya lodo, muka shimfiɗa katifa a bayan. Na rungume kan Raudatu a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ta cije gefen zanena, ba ta yi ihu ba, hawaye ne kawai ke gangarawa cikin kunnenta. Tun kafin mu hau kwalta jini ya ɓalle. Malam ya riga mu yin gaba a mashin don ya sanar da asibiti, bai ga komai ba. Wallahi a hanyar nan na tsani mota, na tsani ɓera, na tsani mijina.

Muna isa aka wuce da ita ɗakin tiyata. Ni na ja mayafi na rufe jikina na zauna a benci. Malam ya kasa zama, haushi ya rasa inda zai sauke shi, sai ya kira Sikiru, ya ƙara sautin wayar don in ji ba laifinsa ba ne. Ya ce ga abin da shawararsa ta jawo, ya ce a kai mota Ƙafur an kai.

Sikiru ya ce, "Malam, wane gari? Kafur na ce. Kafur, farin nan mai wari da mata ke sawa a akwatin kaya. A ɗaura a tsumma a rataya cikin injin."

Sikiru Bayarabe ne, ya tsufa a Malumfashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, amma ƙofa kofa yake ce mata, ƙarfe kuma karfe. Duk mun saba gyara masa a kunne ba tare da mun sani ba. Ranar da bawan Allah ya faɗi kalma daidai, ranar Malam ya gyara masa ita. Kafur kuwa ƙulli guda gare ni a gindin akwati, tun na kayan auren Raudatu.

Na buɗe baki. Na tara masa magana tun daga tamfol har kurkura, na jera ta tsaf. Sai malamar asibiti ta leƙo ta ce uwar mai jego ta shigo, an ciro ɗa namiji, yana numfashi.

Raudatu na kwance ta yi fari fat, ana ƙara mata jini, idonta da ƙyar yake buɗewa. Na sunkuya na ce sannu. Ta kamo yatsana, leɓenta a bushe.

"Inna, kada ki gaya wa Baba na sha wuya a hanya."

Na fito. Yana tsaye inda na bar shi, hularsa a hannu, wayar ma bai mayar aljihu ba. Na ce ya samu jika namiji, uwa da ɗa suna nan da rai. Ya yi hamdala. Sannan ya tambaye ni, a hankali, yaya ta yi da hanya.

Na ƙara jan mayafina kan zanen da ya bushe da jininta.

Na ce, "Lafiya lau muka zo."